Baba Masta Ba Ya Amsawa Sai Ya Maimaita

Idan ka ce wa Baba Istifanus gobe za ka je Kagoro ka dawo da yamma, ba zai ce maka Allah ya kiyaye ba tukuna. Sai ya fara cewa, "Ka ce gobe za ka je Kagoro, ka dawo da yamma." Kai kuma ka ce e. Sannan ne zai sa maka albarka. In kuwa ka yi gaggawa ka juya ba ka ce e ɗin ba, zai kira ka daga bakin ƙofa ka dawo, ko da mai mashin yana can yana ƙona mai. Ni Lami ce, 'yar ƙaninsa, a gidansa na tashi tun ina firamare, don haka kada wani a nan ya ce mini ya fi ni shan wahalar wannan hali.

Aikin reluwe ne ya koya masa. Ya yi shekaru a ƙananan tashoshi kafin a dawo da shi nan Kafanchan ya zama mai kula da tasha, wato steshan masta, shi ya sa har ya bar duniya ake ce masa Baba Masta. Yakan ba mu labari cewa a zamaninsu, in tashar gaba ta bugo waya ta ce jirgi ya taso, ba ka da ikon cewa "to" ka ajiye. Dole ka mayar da saƙon yadda aka faɗa maka, na can ya tabbatar, sannan kowa ya koma aikinsa. Layin guda ɗaya ne, in ka ji rabin magana ka saki naka jirgin, mutane ne a ciki. To jirgi ya daina zuwa yadda ya saba, ciyawa ta cinye dogo, Baba ya yi ritaya, amma dokar ta biyo shi gida ta zauna a kanmu.

Mutum ɗaya ce ta taɓa cin sa da ita, Mama Saratu, matarsa. Ga ta nan zaune, in na ƙara gishiri ta tsayar da ni. Wata shekara ya tone mata yakuwa a bayan gida ya shuka citta ba tare da ya tambaye ta ba. Mama ta dawo daga zumuntar mata ta gani, ta ajiye jaka, ta tsaya a tsakar gida ta ce, "Baban Yohanna, kai mutum ne mai taurin kai, ba ka jin maganar kowa."

Baba ya gyara tsayuwa yadda ya saba ya ce, "Kin ce ni mutum ne mai taurin kai, ba na jin maganar kowa."

"Madalla," in ji Mama. "Yara, ku shaida, da bakinsa ya faɗa."

Ta ɗauki jakarta ta shige ɗaki. Baba ya tsaya da amsarsa a shirye, ba wanda zai ba. Da yamma muka gan shi yana tone cittar yana mayar da yakuwa.

Amma inda ya fi zuba wannan hali shi ne a mitin ɗin unguwa, wannan da muke zaune a cikinsa yanzu. Yaran da suka taso suka tarar da shi ba su san yadda aka fara ba. Bayan rikicin da ya sa mutanen garin nan suka kwashe kaya, Kirista suka koma gefe, Musulmi suka koma gefe, unguwarmu ta bakin dogo tana cikin 'yan kaɗan da suka rage a cakuɗe, ita ma da ƙyar. Baba da Alhaji Sale, mai sayen citta wanda kakanninsa suka kafa rumfa a kasuwa tun kafin a haifi iyayenmu, su ne suka ce a riƙa zama ƙarƙashin mangwaron nan Asabar ɗin farko ta kowane wata. Abin da Baba yake tsoro a duniya ɗaya ne, kuma bai taɓa ɓoyewa ba: kada mitin ɗin ya zama biyu, na coci daban, na masallaci daban. Yakan ce ranar da aka yi haka, kowa ya fara neman mai sayen gidansa.

An yi an yi ya zama ciyaman, ya ƙi. Ya ce ciyaman aikinsa magana, shi kuwa aikinsa tsaron layi. Sai ya riƙa zuwa da kujerarsa ta ƙarfe ya ajiye a ƙarshen benci, ya ɗora hula a gwiwa. Dokokinsa ba su da yawa. Ba za ka ba mutum amsa ba sai ka maimaita abin da ya ce, shi kuma ya yarda cewa haka ya ce. Ba za ka yi magana ta biyu ba sai kowa ya samu ta farko. In kuwa ka katse wani, ba zai yi maka faɗa ba, tafin hannu kawai zai ɗaga ya ce, "Akwai jirgi a layi." Har yau yaran unguwar nan in suna gardamar ƙwallo za ka ji wani ya faɗa wa wani haka. Ni kaina da nake dafa masa abinci bai ɗaga mini ƙafa ba, ya sha ɗaga mini tafin nan a gaban jama'a in koma gida in kai masa tuwo ina huci.

Fasto ma bai tsira ba. Ba wannan na yanzu ba, wancan da aka yi wa canji. Kun san yadda muke yi, in Fasto ya buɗe taro da addu'a Liman ya rufe, wata mai zuwa a juya. Wata rana maganar gidan kallon ƙwallo ce a gabanmu, ko a rufe shi ko a bar shi. Fasto ya tashi ya ce mu yi addu'a. Ya roƙi Ubangiji ya buɗe idanun bayinsa su ga yadda gidan kallon nan yake hana yara karatu, ya ba iyaye ƙarfin zuciya, ya ba mu baki ɗaya mu rufe shi yau ɗin nan. Muka ce amin, tunda ba a ƙin cewa amin. Ciyaman yana cewa an buɗe fili, hannun Fasto ne ya fara tashi.

Baba ya ce, "Fasto ya riga ya yi tasa."

Fasto ya ce shi addu'a ya yi.

"In da Allah kaɗai kake yi wa magana," in ji Baba, "da ba ka juya fuska wajen bencin samari ba."

Haka Fasto ya zauna yana jira har aka zaga kowa, har mai gidan kallon ya faɗi nasa. Liman ne ya fi kowa dariya ranar. Amma na lura tun daga nan, in shi ne zai buɗe taro, da Larabci yake yin addu'arsa daga farko har ƙarshe, don kada Baba ya ƙirga masa.

Sai Malam Bulus, tsohon hedimasta, wanda ya koyar da rabin mutanen da ke zaune a nan, har da ni. Malam, ka yi haƙuri, ai ka san ba zan tsallake ka ba. Duk lokacin da Malam ya tashi ya ce ba zai ɗauki lokacinmu ba, mata sukan aika gida a sauke tukunya. Wata rana maganar kwata ake yi. Malam ya faro daga lokacin da aka shimfiɗa dogo, ya bi ta yadda ake duba tsabtar gari a da, ya shiga tarbiyyar yaran yanzu, ya fito ta kan leda da sauro. Baba bai katse shi ba, don shi ba ya karya dokarsa. Da Malam ya zauna, layi ya zo kan Alhaji Sale, wanda dole ya maimaita kafin ya faɗi tasa. Alhaji mutum ne da maganarsa ba ta wuce ta ciniki. Ya ce, "Malam ya ce a yashe kwata kafin ruwa ya sauka."

Baba ya juya ya tambayi Malam ko haka ya ce. Malam ya buɗe baki, ya nemi abin da Alhaji ya bari a baya, ya rasa. Ya ce a taƙaice dai haka ne.

"To yaya Alhaji ya iso tun ɗazu," in ji Baba, "kai ka yi dogon zagaye da mu ta garin Manchok?"

Abin da mutane ba su cika tunawa ba shi ne, yadda yake matsa wa masu yawan magana haka yake matsa wa marasa magana. Bai yarda mutum ya zo ya zauna ya tashi ba a ji muryarsa ba. Kafin a rufe taro zai bi su da suna ɗaya bayan ɗaya. Akwai Ɗanliti mai shayi, Allah ya jiƙansa, wanda duk wata amsarsa ɗaya ce, "Na bi." Shekara da shekaru Baba yana tambaya, Ɗanliti yana bi. Muka ce Baba ya ƙyale bawan Allah, ya ce ranar da yake da magana ta tarar da ƙofa a buɗe. Sai ga shi wata rana an zo kansa, Ɗanliti ya share murya ya ce yau yana da magana. Kowa ya juyo yana kallonsa. Ya ce bencin da ake ba shi yana da ƙusa, ta yaga masa wando ba sau ɗaya ba. Muka fashe da dariya, Baba kuwa ko murmushi bai yi ba. Ya sa ciyaman ya maimaita, Ɗanliti ya tabbatar, aka aika aka kawo guduma kafin a yi addu'ar rufewa.

Daga baya tsufa ya kama kunnuwansa. Na dama ya mutu gaba ɗaya. Na hagu yana ɗan ji in ka kafa baki a kai ka ɗaga murya, shi ma ba kullum ba. Ɗansa Yohanna ya sayo masa na'urar kunne daga Abuja, ya sa kwana kaɗan ya ce kuka take masa kamar gyare, ya jefa ta a gwangwanin madara. Sai ya daina zuwa mitin. Da na yi masa magana ya ce wanda ba ya iya maimaitawa ba shi da izinin amsawa, to zaman me zai je yi. Da farko an riƙe dokar don kunyarsa. A hankali aka fara cewa ai mun gane, ba sai an maimaita ba, lokaci yana tafiya. Ni ma ina cikin waɗanda suka ji daɗin hakan.

A haka maganar ruwa ta same mu. Rijiyar burtsatsen unguwa tana gefen filin Alhaji Sale, tun da aka haƙa ta mabuɗin famfon yana gidansa. Injin sola mai aiki da hasken rana ne ke cika tanki da rana, da sassafe a buɗe kowa ya ɗiba. Da rani ya yi tsanani tankin ya daina cika, wanda ya makara ya rasa. Ran Lahadi matan da suka tafi sujadar safe sai su dawo su tarar babu ko ɗigo. Maimakon a jira Asabar, Malam Bulus ya rubuta a guruf ɗin unguwa na waya cewa a karɓi mabuɗin a ba kwamiti don a samu adalci. Samari na kowane ɓangare suka ɗauka suka yi ta zuba mai. Kafin mako ya zagayo an fara cewa ku da mu, an tono abubuwan da muka daɗe da binnewa. Wani ya kawo shawarar kowane ɓangare ya riƙa yin mitin ɗinsa, in akwai magana a aiko wakili. Mutane da yawa suka ce hakan ya fi sauƙi, aka sa Asabar mai zuwa za a yanke.

Da safen ranar na kafa baki a kunnen Baba na hagu na faɗa masa. Ya ce, "Kin ce yau za a raba mitin." Na gyaɗa kai. Ya ce in ɗauko masa kwat da hula.

Ina riƙe da hannunsa, kujera a ɗaya hannuna, muka iso muka tarar an riga an kaure. Ba a taɓa cika haka ba, kuma ranar ce na fara ganin an zauna gefe da gefe, fili a tsakiya. Kowa yana magana, ba mai jin kowa. Malam Bulus yana tsaye yana nuni da yatsa, Alhaji Sale, wanda ban taɓa jin ya ɗaga murya ko a kasuwa ba, jijiyar wuyansa ta tashi. Baba ya sa na ajiye kujerar a tsakiyar filin nan da aka bari, ya zauna, ya ɗora hula a gwiwa. Ganinsa ya sa aka lafa. Ciyaman, wanda duk gumi ya jiƙa shi, ya zo ya durƙusa ya yi masa alama da hannu cewa ya yi magana a matsayin babba. Kowane ɓangare yana sa ran zai goya masa baya.

Baba ya ce ba shi da izinin magana, don bai ji wanda ya yi ta ƙarshe ba. Ya tambaya wane ne. Aka nuna Alhaji Sale. Sai ya yafito Malam Bulus da hannu, ya ce ya zo ya faɗa masa a kunne abin da Alhaji ya ce.

Malam ya zo ya sunkuya ya kwarma, "Ya ce ba zai ba da mabuɗi ba!"

Baba ya dubi Alhaji ya ce, "Haka ka ce?"

Alhaji ya girgiza kai. Ya ce ba haka ya ce ba. Ya ce tun da aka haƙa rijiyar nan Hajiyarsa ce ke tashi bayan asuba ta buɗe, ko tana da lafiya ko ba ta da, in kan famfo ya lalace shi yake kiran mai gyara, ba wanda ya taɓa cewa sannu, shi ma bai nema ba. Amma yau an rubuta sunan gidansa a waya kowa yana karantawa kamar an kama ɓarawo. Dole Malam ya sake sunkuyawa ya faɗi wannan da ƙarfi. Baba ya ce bai ji ba, ya maimaita. Malam ya sake. Baba ya ce ya maimaita. Hedimasta guda yana tsaye a tsakiyar unguwa yana ihu cewa mun mai da gidan Alhaji kamar gidan ɓarawo, ba wanda ya ce wa Hajiya sannu. Wasu suka fara dariya, amma da ya kai ƙarshe a karo na gaba muryarsa ta sauka da kanta, ya miƙe bai dubi kowa ba. Baba ya kalli Alhaji, Alhaji ya gyaɗa kai.

Sai aka juya. Alhaji ya zo ya sunkuya ya ce Malam ya ce ba su yarda da mu ba. Malam ya ce bai ce haka ba. Ya ce matarsa, Mama Ladi, mai ciwon gwiwa, duk Lahadi in ta dawo coci sai ta ɗauki bokiti ta gangara rafi, don yaransu duk sun tafi, shi kuma bayansa ba ya ɗaukar kaya. Ya ce makon jiya ta zame a kan dutse, abin da ya sa ya ɗauki waya ke nan. Alhaji ya faɗa a kunnen Baba. Baba ya ce ya maimaita. Alhaji ya fara maimaitawa, ya kai wurin rafi, ya tsaya. Ya bar kunnen Baba ya juya wajen Malam.

"Malam, Mama Ladi ce ke zuwa rafi? Wallahi ban sani ba."

"Ni ma ban san Hajiya ce ke buɗewa ba," in ji Malam. "Na ɗauka yara kake sa wa."

Sauran ba ta ɗauki lokaci ba, kuma daga bencin mata ta fito. Aka ce mabuɗi ya zauna inda yake, ran Lahadi kada a buɗe sai an taso coci, wanda yake bukatar ruwan safe ya tanada tun Asabar. Abin da aka kusa watse unguwa a kansa ke nan. Ciyaman ya tambayi wanda ya kawo shawarar raba mitin ko yana nan a kan bakansa, ya ce a bar maganar. Sannan ciyaman ya koma wurin Baba ya yi masa alama cewa yanzu layi nasa ne. Baba ya sa hularsa ya ce ba shi da magana.

A hanyar gida muka zo tsallaka dogo, ya tsaya ya duba dama da hagu, ko da yake ba mai tuna rabon da jirgi ya bi ta nan. Bai tsallaka ba ya ce, "Lami, an raba?"

Na girgiza kai. Ya saki numfashi, na ji nauyinsa ya sauko a hannuna. A nan ne abin ya faɗo mini, don ina tsaye a bayansa duk lokacin da ake ihun nan. Kunnen dama ya miƙa musu, mataccen. Na zagaya ta hagu na tambaye shi ko ya ji wani abu cikin abin da suka faɗa. Ya ce ko kalma ɗaya, Bulus dai ya jiƙa masa kunne da yawu. Ya ce fuskokinsu yake kallo, in ya ga da saura sai ya ce a maimaita. Na ce to don me bai juya musu na hagu ba, ko rabi ya samu.

Ya ce, "Ba ni ne nake bukatar ji ba."

Shi ne zuwansa mitin na ƙarshe. Damina tana ƙarewa ya kwanta, bai daɗe ba. Ranar jana'iza Alhaji Sale da Malam Bulus suna cikin waɗanda suka riƙe akwatin daga gida har bakin titi, ko da yake ba mai ƙarfin baya a cikinsu. Na yi kewarsa, jama'a. Na yi shekaru ina fushi da mutumin da ba zai ce mini "to" kawai ba, yanzu kuma ina faɗin magana a gida a ce mini "to", in san ba a ji ni ba.

Ubangiji ya ba Baba Istifanus hutawa, ya buɗe masa kunnuwansa duka biyu a can. Ya ta'azantar da Mama Saratu. Mu kuma da ya bari, Allah ya ba mu haƙurin jin juna, ya bar mu muna zama wuri ɗaya. Amin.